Fararen ɗigo a jikin kifin ado: abin da kowannenmu ya gani

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 100, kuma shekara biyu ban ga cuta a cikinsa ba sai da na ƙara kifaye huɗu da aka kawo mini daga Duwala. Kwana biyar da saka su na lura ɗaya yana goga jikinsa a duwatsu kamar mai ƙaiƙayi, ya tsuke fikafikansa, washegari kuma sai ga fararen ɗigo a wutsiyarsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Yau da asuba na ƙirga shida sun kamu. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Malamin makaranta, Ngaundere: Wa alaikumus salam. Malam, wannan ita ce cutar fararen ɗigo, wadda masana ke kiran ƙwayarta Ichthyophthirius, kuma kifaye takwas na rasa kafin na fahimci yadda take rayuwa. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifin tana ci, kuma muddin tana can magani ba ya kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, waɗanda ke fitowa suna iyo suna neman jikin da za su kama, in ba su samu ba cikin kamar kwana biyu su mutu. A wannan ɗan tsakani kaɗai magani ke cin su. Kuskurena shi ne na daina sa magani ranar da ɗigon ya ɓace, ina ta hamdala, ashe sauka suka yi su hayayyafa, suka dawo ninkin ba ninki. A karo na biyu na ɗaga zafin ruwan sannu a hankali zuwa digiri 30, domin zafi na hanzarta fitowarsu, na ƙara iska tunda ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ina zuƙe dattin ƙasa da tiyo kowace rana, kuma ban tsaya ba sai bayan mako guda da ɓacewar ɗigo na ƙarshe.

Hajiya, Marwa: Malam ya faɗi gaskiya. Ni a watan Janairu ta same ni, lokacin hunturu, a daren da aka ɗauke wuta ruwan ya yi sanyi ƙalau. Sanyi ba ya haifar da ƙwayar, sai dai yana karya ƙarfin kifin, ita kuma da ma ta shigo tana jira. Da gishiri na yi magani, giram 2 a kowace lita, ina narkar da shi a kwano kafin in zuba kaɗan-kaɗan. Abin da nake so a kiyaye shi ne gishiri ba ya bin tururi, don haka idan ruwa ya ragu saboda bushewar iska, ruwa zalla za a cika da shi, in ba haka ba gishirin zai taru ya yi yawa. Ƙaramin ƙurungun da nake da shi ya wahala ƙwarai, domin kifaye masu santsin fata irinsa da tarwaɗa ba sa jure gishiri da koren maganin nan malakayit kamar sauran.

Ɗalibi, Njamena: Iyayena, tawa dabam ce. Na ɗebo 'yan karfasa da ciyawar ruwa daga bakin kogin Shari na zuba kai tsaye. Bayan 'yan kwanaki na ga wani abu faffaɗa, bai kai ƙwayar wake ba, manne a gefen kifi, kuma da na matso da tocila sai ya matsa da kansa. Ƙwarƙwatar kifi ce. Na cire da hantsaki, amma da yake a jikin gilashi da duwatsu take nasa ƙwai, wasu suka sake fitowa bayan makonni.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Kusiri: Ƙanena, kai ka yi sa'a, taka ana ganinta. Akwai ƙananan tsutsotsi da ke kama wurin numfashin kifi, waɗanda sai da madubin likita ake gani, kuma alamarsu ita ce kifin ya riƙa haki a saman ruwa alhali ruwan na da tsabta. Maganinsu firazikwantel ne, wanda ake bai wa masu tsargiya, kuma akan maimaita shi saboda ba ya kashe ƙwai. Kada kowa ya ƙiyasta awon da ka. Amma ku duba, a labarin Malam na Garwa da na ƙanena duka baƙo ne ya shigo da cutar. Ni kowane sabon kifi sai ya yi mako huɗu a akwati dabam mara tsakuwa, ina duba shi safe da yamma, ba na zuba ruwan ledar da ya zo a ciki, kuma kowane akwati da ragarsa da bokitinsa, ina shanya su a rana su bushe ƙayau.

Mai tambaya, Garwa: Allah ya saka muku da alheri. Maganar raga ta tayar mini da hankali, domin da ita na kamo kifi shekaranjiya a ƙaramin akwatin yarana. Hajiya, in fara sa musu gishirin tun yanzu, ko in jira in ga alama?