Wai Turanci harshenmu ne? Yadda ta kaya a zauren malamai

Malamin Turanci, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Shekarata tara ina koyar da Turanci a sakandare, digirina a kansa yake, ina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Tun watan Janairu nake neman aikin ɗan gajeren lokaci a waje, irin na sati shida ko wata biyu da makarantun hutun bazara ke ɗaukar malamai, don in ci moriyar dogon hutunmu in samo abin ƙarasa rufin ɗakina. Na biya kuɗi na yi kwas ɗin TEFL, na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na awa 120 ta intanet, da tsakar dare nake yi saboda data. Wurare 11 na tura wa takarduna. Bakwai ko uffan ba su ce ba. Uku suka ce sai wanda ya tashi da Turanci tun a nono. Ta ƙarshen wata makaranta ce a Turkiyya, har mun yi intabiyu ta bidiyo, matar tana ta yaba maganata, tana ganin koren fasfo sai na ji ɗif har yau. Wannan wariya ce tsagwaronta. Turanci harshenmu ne a Najeriya, da shi muka yi karatu, da shi aka rubuta kundin tsarin mulkinmu. Don Allah wanda ya san hanyar gaskiya ya nuna mini.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo mafita. Amma kalma ɗaya za ka janye. Harshenmu? Harshen wa? Ni dai da Hausa uwata ta rarrashe ni, kai ma na san haka ne. Turanci tare da bindigar Lugga ya shigo Kano da Sakkwato a 1903. Zanen aro ba ya rufe katara.

Malama Mai Adabi, Kano: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Harshen da aka yi shekara fiye da ɗari ana shari'a da shi, ana ciniki da shi, ana rubuta wa masoyi wasiƙa da shi, ya tashi daga aro. Da wane harshe Wole Soyinka ya ci kyautar Nobel a 1986? Shi kansa Tafawa Balewa malamin makaranta ne kamar mu, ya tsaya a majalisar Amurka a 1961 ya yi jawabi da Turancin da har yau ake yawo da bidiyonsa. Za ka ce masa ɗan aro?

Tsohon Hedimasta: 'Yata, shi Balewan da ya tashi rubuta littafinsa da wane harshe ya rubuta? Da Hausa. Ya san na gida, ya san na ofis.

Malamin Turanci, Zariya: Baba, ni fa ba tarihi na tambaya ba. Aiki nake nema.

Tsohon Hedimasta: Ai daga nan matsalar ta faro, ɗana. Ka je wa mai abu kana cewa abinsa naka ne.

Ɗan Maraɗi: Ku tsaya tukuna, wane Turancin? Mu nan in ka ce Turanci, da yawa Faransanci za su ɗauka. Ku ce Ingilishi. Kuma mu mun kashe wannan gardamar. Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki ne. Ku kuma kuna nan kuna rigima kan harshen Bature. Malam, in waje kake so, Maraɗi ma waje ce. Makarantu masu zaman kansu a nan da Yamai suna son mai Ingilishi, kuma daga Katsina ta Jibiya tafiyar ba ta da yawa.

Matashin Malami, Katsina: Da wane fasfo zai shigo? Ba kun fice daga ECOWAS ba?

Ɗan Maraɗi: Mun fice, kuma ba mu yi nadama ba. Wa ya yanke mana wuta a 2023? Wa ya rufe iyaka har magani ya yi wuya a asibitocinmu? Kai da kake Katsina ka fi kowa sanin kayan da suka ruɓe a bakin iyaka.

Matashin Malami, Katsina: Ni na yanke wutar? Talaka nake kamar ka. Mu ma shinkafa da dabbobi sun yi mana tsada a lokacin.

Ɗan Maraɗi: To ka daina yi mini gorin ECOWAS.

Admin: A bar siyasa don Allah. Doka ta uku.

Yaya na Abuja: Malam, bari in ba ka abin da na sani, don na taɓa bin wannan layin kafin in haƙura. Abin da ya kayar da kai ba bakinka ba ne, biza ce. Ɗauki Koriya ta Kudu. Bizar koyar da Turanci da suke kira E-2, a ka'ida 'yan ƙasashe bakwai ake ba wa: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ko da ka fi Sarkin Ingila iya magana, in fasfonka ba ya cikin waɗannan, makaranta ba ta da yadda za ta yi da kai. Kuma kwantiraginsu na shekara ne. Makarantun bazara na Ingila kuwa, waɗanda ke cika da yara a Yuli da Agusta, masu izinin aiki a ƙasar suke ɗauka, bizar ziyara ba ta halatta maka aiki. Ka yi tunani da kanka: wace makaranta ce za ta shiga wahala da kashe kuɗin nema maka izinin aiki saboda sati shida? Kafin takardu su fito an tashi daga makarantar. Shi ya sa gajeren aiki ya fi dogo wuyar samu ga mai koren fasfo. Suna ɗaukar wanda ya riga ya shiga ƙasar ne, ɗalibi ko mazauni.

Malama Mai Adabi, Kano: To wannan jerin ƙasashen ba wariya ba ce? Wa ya zauna ya rubuta shi?

Yaya na Abuja: Afirka ta Kudu tana ciki, Malama. Baƙar fata ɗan Soweto zai samu. Maganar fasfo ce, ba fata ba.

Malama Mai Adabi, Kano: Yaya, kai ma ka san dalilin da ya sa aka sa Afirka ta Kudu aka bar Najeriya da Gana da Kenya. Kada mu yaudari kanmu. Birtaniya ma da ta mulke mu, a jerinta na ƙasashen da ta yarda masu Turanci ne akwai Jamaika, akwai Barbados, babu mu. Sai mun biya kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS, bayan shekara biyu a ce ta mutu, a sake biya. Turancin mutum yana ruɓewa ne kamar tumatir?

Tsohon Hedimasta: Alhamdu lillahi, kin kawo mini hujja da bakinki. Masu harshen sun ce ba naku ba ne. Sai kuka me?

Malama Mai Adabi, Kano: Don wani ya ce gonarka ba taka ba ce sai ka tattara fartanya ka tafi?

Matashin Malami, Katsina: Gaskiya ɗaya ce, a fara gyara P da F kafin a ce harshenmu. Ina da malami a jami'a, mai digiri uku, in ya ce hamsin da Turanci sai ajin ya fashe da dariya.

Malamin Turanci, Zariya: Ƙanena, ka iya bakinka. Ka taɓa jin maganata? Mu da muka fito daga ABU ba a yi mana wannan gorin.

Malama Mai Adabi, Kano: Au, wato mu 'yan BUK ne masu P da F ɗin?

Malamin Turanci, Zariya: Ban ce ba, Malama. Ke da kike bayana.

Malama Mai Adabi, Kano: Ina bayan gaskiya dai. Kuma kowace al'umma da inda harshenta ke karkata. Ɗan Indiya da nasa, ɗan Sikotilan ma in yana magana sai ka kasa kunne sosai. Ba a hana su aiki ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu dai a Gana ba mu da wannan matsalar, Turancinmu a wanke yake.

Matashin Malami, Katsina: Amma ku ma ba kwa cikin bakwai ɗin 😂

Yaya na Abuja: Wani abin kuma Malam, kada ranka ya ɓaci. TEFL ɗin intanet da ba a taɓa tsayar da kai gaban ɗalibai an duba ka ba, manyan makarantu ba sa ba shi nauyi. CELTA suke tambaya, takardar shaidar koyar da Turanci ta jami'ar Kambirij. Sati huɗu zuwa biyar ce in ka zauna mata gaba ɗaya, kuma dole ka koyar da ɗalibai na gaske na awa shida ana zaune ana auna ka. Tana da tsada, amma ita ce aka sani ko'ina.

Matashin Malami, Katsina: Wato dai takardar tsire Malam ya saya.

Malamin Turanci, Zariya: Kai yaro, albashina na wata guda ne ya tafi a kan takardar nan. Lokacin da na fara shiga aji kana firamare. Admin, ka ja masa kunne ko ni in fita.

Matashin Malami, Katsina: Allah ya huci zuciyarka Malam, wasa nake.

Mai Lesin, Fagge: Ni shawarata mai sauƙi ce. Ka yanki bizar umara, ka sauka Jidda, 'yan uwanmu suna nan da yawa, yaransu na son lesin. Wata biyu ka tara riyal ka dawo.

Hajiya Shugabar Makaranta: Subhanallahi. Malamin makaranta guda za ka mayar takari? Bizar ibada ba ta aiki ba ce. Ba igama, wato takardar izinin zama, ba mai tsaya maka, in aka kama ka sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a koro, a sa maka hannu a hana ka komawa. Ka je ɗakin Allah da ƙarya a baki? Malam, kada ka saurare shi. Kuma ina roƙonka, duk ejan ɗin da ya ce ka turo kuɗi ya samo maka koyarwa a Tailan ko Kambodiya, ka guje shi. An sha kwasar matasa da sunan aiki mai tsabta, su tsinci kansu a gidajen damfarar intanet a Kambodiya da Myanmar, an ƙwace fasfo. Makarantar kirki ba ta karɓar kuɗin malami kafin ta ɗauke shi.

Mai Lesin, Fagge: Hajiya, ke albashinki na zuwa a kan kari, shi ya sa. Kalmar takari kuma ki janye, kakata a can ta rasu.

Hajiya Shugabar Makaranta: Allah ya jiƙanta. Ban zagi kowa ba, doka na faɗa.

Yaya na Abuja: In hanyar hukuma kake so, biyu na sani, sai dai duk ba na sati shida ba ne. Akwai TAC ta gwamnatin tarayya, tun 1987 take tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, shekara biyu ake yi. Akwai kuma shirin Fulbright da ake kira FLTA, ta ofishin jakadancin Amurka ake nema. Matasan malaman Turanci suke ɗauka, su kai su jami'o'in Amurka na zangon karatu na shekara guda, su koyar da harshensu na gida. Daga Najeriya an sha tafiya koyar da Hausa da Yarabanci.

Tsohon Hedimasta: Allahu Akbar! Ku maimaita wannan da ƙarfi. Bature da kansa ya ce zo ka koya mini Hausa in ba ka masauki da alawus. Turancin da kuke tinƙaho da shi ya ce ba ya so. Malama, ina kike?

Malama Mai Adabi, Kano: Ina nan, Baba. Ka karanta da kyau, malaman TURANCI suke ɗauka. Ba don Turancin ba ko ƙofar ofishin ba za ka wuce ba.

Admin: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. Zaure ya gamsu cewa Turanci ba harshenmu ba ne, harshen aiki ne, kamar yadda Baba Hedimasta ya yi bayani da hujjoji masu ƙarfi, kuma 'yan uwanmu na Nijar sun riga mu gane haka. An kuma tabbatar cewa Hausa ce ke kai mutum Amurka, abin da mu malaman Hausa muka daɗe muna faɗa ana yi mana kallon marasa aikin yi. Maganar wariya ba a kawo mata hujja ba. Masu ɗaga murya ga manya su gyara. An rufe.

Malama Mai Adabi, Kano: Wane zauren ne ya gamsu? Mutum nawa ka ƙirga? Jerin Birtaniya da na kawo ba hujja ba ce, ko don ba daga bakin Baba ta fito ba?

Admin: Malama, na ce an rufe.

Malamin Turanci, Zariya: Yaya na Abuja, na yi maka magana ta gefe kan CELTA ɗin nan, ka duba. Ɗan Maraɗi, kai ma turo mini lambarka. Makarantun naku suna yin darasin hutu a Agusta, kuma da sefa suke biya?