Lauya ya san doka, ina ruwansa da iya shugabanci?

Ɗan Bagauda:
Assalamu alaikum manyanmu. A Makarantar Horas da Lauyoyi an koya mana tsarin shari'a, rubuta takardun ƙara da ladubban aiki. Amma kullum sai a ce wanda bai iya tafiyar da mutane ba, ba zai yi nisa a aikin nan ba. Alƙali ai hujja yake saurare, ba ruwansa da yadda kake gudanar da ofishinka. To ta ina shugabancin yake shigowa?

Barista Mai Fayil:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dubi ƙarar zaɓe. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako ka shigar da ƙara, kotu ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Ba a ƙara maka ko yini ɗaya. Cikin kwana 21 ɗin nan sai an nemi kwafin takardun EC8A (takardun sakamakon rumfunan zaɓe) masu hatimin INEC, an nemo wakilan rumfuna, an rubuta bayanin kowane mai shaida ya yi rantsuwa a kai, an haɗa komai da takardar ƙarar. Mutum ɗaya ba zai iya ba, komai iliminsa. Dole a raba aiki: wannan ya riƙe ƙananan hukumomi kaza, wancan ya zauna da shaidu, wani kuma aikinsa kawai ya daidaita alƙaluma. A shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 2023 kotu ta yi watsi da bayanan wasu shaidu saboda ba a shigar da su cikin wa'adin ba. Kafin ka miƙe gaban alƙali, an riga an ci rabin shari'ar ko an zubar da ita a ofis.

Lauyar Kaduna:
Ba sai an kai ga zaɓe ba ma, Barista. A shari'ar Okafor da Nweke a 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba ta da inganci. Ƙararraki da yawa sun faɗi a kan wannan, alhali ba wanda ya kalli gaskiyar da ke cikinsu. Ofishin da ke da jagora na gari, ba takardar da za ta fita sai mutum biyu sun duba sa hannu, hatimin NBA (Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya) da kwanan wata.

Haka wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba: kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a, wata 3 ga hukuncin ƙarshe. Ƙaramin lauya na iya rikita su. Idan oga mai tsawa ne, yaron zai ɓoye kuskuren har lokaci ya ƙure. Idan ya san za a saurare shi, zai faɗa da wuri a nemi ƙarin lokaci. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don wanda ya ba mu amanar shari'arsa shi ke asara, kuma sau da yawa ba ya ma sanin dalili.

Sai kuɗin mai ƙara. Asusunsa daban, na ofis daban. Akawu ya cakuɗa su, kai za ka tsaya gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Malam Na Sabon Gari:
Na yarda, amma kada Ɗan Bagauda ya ɗauka iya magana da mutane zai rufe masa rashin karatu. A shekarunka na farko, karanta hukunce-hukunce ya fi komai. Shugabancin da ke kanka yanzu na mai ƙararka ne: ka iya gaya wa dattijon da ya zo da zafin rikicin gado ko fili cewa hujjarsa ba ta da ƙarfi, sulhu ya fi masa, ba tare da ka ci masa fuska ba.

Ɗan Bagauda:
Na gode ƙwarai. Ni da ba ni da kowa a ƙarƙashina, da me zan fara?

Lauyar Kaduna:
Da fayil ɗin da ke hannunka. Rubuta wa'adi a bangonsa ranar da aka ba ka, sanar da mai ƙara abin da ya faru bayan kowane zama, kuma ka girmama magatakarda da mai kai sammaci, don in takarda ba ta isa hannun ɗaya ɓangaren ba, ɗage zaman za a yi.