Daga ina zan fara sauraron Naushad?

Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Duk sanda aka sa waƙoƙin Mother India sai Baba ya ce aikin Naushad ne, ni kuwa mawaƙan kawai na sani. Me zan fara nema nasa?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Ai shi ba ya rerawa, Ummi. Nasa shi ne ƙirƙiro karin waƙa da tsara kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci, su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi su hau. Mutumin Lucknow ne, haihuwar 1919. Mahaifinsa ma'aikacin kotu ne da ba ya ƙaunar harkar kiɗa, shi ya sa a 1937 ya tattara ya nufi Bombay, har kwanan bakin titi ya yi kafin fim ɗin Rattan na 1944 ya fito da shi. Ki fara da fim ɗin Baiju Bawra na 1952.

Hajiya Rabi: Haba Malam, za ka kori yarinya tun daga bakin ƙofa? Baiju Bawra kiɗan gargajiyarsu ne zalla, sai kunne ya saba. 'Yata, nemi Mughal-e-Azam na 1960, ki je kan waƙar da Madhubala ke rawa a ɗakin madubai. Amsa-kuwwar da za ki ji a muryar Lata ba na'ura ba ce, a banɗakin sutudiyo ya sa ta rera.

Malam Habibu: Na ji, Hajiya, amma ban janye ba. A Baiju Bawra ne ya nuna wa masu zuba kuɗi a fim cewa talaka zai sayi tikiti don kiɗan da ake ganin na fada ne. Da shi ya ci lambar Filmfare ta farko ta tsara kiɗa a 1954, wato lambar yabo ta fina-finan Indiya.

Nura: Banɗaki fa, Hajiya? Ikon Allah. Ni fim ɗin Aan zan ba ki, Anti Ummi, shi ma 1952. Makaɗa wajen 100 ya tara, goge irin na Turawa da sarewa da tabla, wato 'yan gangunansu na hannu, kuma babu wanda ya danne wani. Sa abin kunne, lasifikar waya cinye ƙananan kayan kiɗan take yi.

Hajiya Rabi: Sai Gunga Jumna na 1961, mai harshen ƙauye. Pakeezah kuma kada a ruɗe ki: waƙoƙin na Ghulam Mohammed ne, da ya rasu ne Naushad ya ƙarasa kiɗan da ke bin labarin.

Ummi: Allah ya saka da alheri. Mughal-e-Azam ɗin iri biyu nake gani, da mai kala da marar kala.

Nura: Mai kalar gyaran 2004 ne, an sake ɗaukar kiɗan tun Naushad na raye, don sai 2006 ya rasu. Fara da tsohon tukuna, Anti.