An rubuta wa Baba ruwan amino bayan aiki, mu saya?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Taifot ya huda wa Baba hanji, yau kwana 6 da yi masa aiki. Ko kunu ya kurɓa sai ya dawo. Likita ya rubuta Aminoplasmal, wato ruwan amino mai gina jiki, a haɗa da gulukos ta jijiya. Kuɗin bijimin da muka sayar sun kusa ƙarewa. Wa ya taɓa saye?

Maman Zara: Allah ya ba shi lafiya, ɗana. Romon kaza da kunun gyaɗa sun fi ruwan kwalba.

Ɗan Garwa: Mama, ai cikin ne ba ya karɓa.

Alhajin Kuseri: Kun tayar mini da miki. Da mai ɗakina ta yi haɗari, gadar Ngeli na haye zuwa Njamena na sayo kwalba 5, kowace sefa dubu 18. Suka sa mata a jijiyar hannu. Kwana biyu hannun ya kumbura ya yi jajir, zazzaɓi ya biyo, ba wanda ya leƙo sai da na ɗaga murya. Uku suka rage, farmasi ya ƙi karɓa. Har yau suna ƙarƙashin gadona, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Maman Zara: Allah ya jiƙanta, Alhaji.

Bello Marwa: Amin. Amma an cuce ka, dubu 7 na saya.

Alhajin Kuseri: Astymin ka saya, yaro, wani ruwan amino ne daban, ba ɗaya ba ne.

Nas Hadiza: Ruwan amino mai ƙarfi yana ƙona ƙaramar jijiya, shi ya sa ake bi ta babbar jijiyar wuya. In aka ba da amino zalla, jiki zai ƙone shi a madadin abinci maimakon ya gina tsoka, dalilin gulukos ke nan. A duba ƙodarsa tukuna. Da zarar hanji ya farka, a koma ci ta baki kaɗan-kaɗan.

Bello Marwa: Shekara 12 ina sayar da magani, ban taɓa jin zancen ƙoda ba.

Nas Hadiza: Sayarwa daban, kwana a kan maras lafiya daban, Malam.

Sarkin Zolaya: Ni dai in na kwanta, a narka mini kilishi a ɗura.

Alhajin Kuseri: Kwana a kan maras lafiya? Hajiya, har safar hannu da auduga mu muka saya. Ƙarfe biyun dare wani ya zaro allura daga aljihunsa ya ce kuɗi hannu.

Bello Marwa: Mu ma haka aka yi mana da jini, leda biyu muka bayar, ɗaya muka gani.

Ɗan Garwa: Jama'a, farmasi na gab da rufewa. In saya?