Markaɗen itacenmu ya ƙi yin fari, sinadari kuwa sai tafiya yake

Sabon Injiniya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka mayar da ni sashen bilicin a masana'antar takarda (eh, bilicin, amma na itace). Itacen turare muke dafawa. Kulorin dayoksaid, wato sinadarin bilicin da muke zubawa, kullum ƙaruwa yake, farin kuwa yana nan jiya-i-yau. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zargi sinadari, je ka leƙa wajen wanki. Haka ta taɓa faruwa da mu, aka yi mako uku ana zargin juna. Wani dare na damƙo markaɗen da ya fito daga injin wanki na ƙarshe, na matse a tafin hannu, sai ga ruwa ja-ja kamar shayi yana bin yatsuna. Ashe bututun feshin ruwa ne suka toshe, baƙin ruwan dahuwa yana biyo markaɗen. Lignin ɗin da ke cikin ruwan nan, wato ƙaron da ke riƙe zaren itace, shi ke shanye sinadarin tun bai kai ga zaren ba. Da aka fasa bututun, washegari aka ga bambanci.

Ɗaliba a Suwidin: Baba ya yi gaskiya. Amma tunda turare ne, akwai wani ɓarawon kuma. Dahuwar kiraf, wato dafa itace da sinadarai don raba zarensa, tana haifar da asid ɗin heksenuronik, yana cin kulorin dayoksaid, yana kuma ɗaga lambar kappa, wato ma'aunin lignin da ya rage a markaɗe, sai ka zaci lignin ne. Iskar oksijin da ake sa wa markaɗen kafin bilicin ba ta taɓa shi, duk da tana kwashe kusan rabin lignin. A ɗakin gwajinmu, da muka jiƙa markaɗen a ruwan asid mai zafi kusan digiri 90 na awa biyu, sinadarin da muka buƙata ya ragu sosai.

Mai Aikin Dare: Mu feroksaid, wani sinadarin bilicin, ne ya wahalshe mu. Da damina ruwan kogi kan zo da ƙarfe da manganis, su ruguza shi ya zama kumfa kawai. Sai da muka fara sa EDTA, sinadarin da ke kama ƙarfe da manganis, kafin matakin feroksaid ɗin.

Sabon Injiniya: Na gode ƙwarai. Baba, yanzu na matso nawa, ruwan ya fi shayi duhu. Gobe da safe za mu kwance bututun.