Yaya ake yi wa itatuwan katako kuɗi tun suna tsaye?

Mai Gandu: Salamu alaikum. Gandun iyali ne a kudancin Kaduna, hekta 6 na malaina da aka dasa shekara 14 da suka wuce, ga maɗaci da ɗorawa jefi-jefi a gefe. 'Yan katako na so su saye dajin gaba ɗaya, kuɗi a dunƙule. Ta yaya za a san ƙimarsa kafin a sallama?

Malamin Daji: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada a sallama sai an auna, kuma ba sai an bi kowace bishiya ba. A kowace hekta a kafa turke a wuri biyu, a ɗaura igiya mai mita 12.6 a zagaya da ita. Da'irar nan kashi ɗaya cikin 20 na hekta ce, don haka a haɗa abin da aka samu a da'irori biyun, a raba biyu, sai a ninka shi da 20, shi ne na hekta ɗaya. A guji bakin hanya, itatuwan gefe sun fi samun rana, sun fi kauri, za su ruɗi lissafi.

Kowace bishiya da ke cikin da'irar a auna kewayenta da tef a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa. A ninka kewayen da kansa, a raba da 12.6, a ninka da tsawon gangar jikinta zuwa inda ta yi reshe, sannan da 0.7 saboda tana sirancewa a sama. Misali kewaye mita 1.26, ganga mita 8: kusan kubik mita 0.7 ke nan.

Dillalin Katako: Lissafin Malam daidai ne, amma mai saye falanki yake ƙirgawa. Kubik mita ɗaya kubik ƙafa 35 ne, falanki mai kaurin inci 1, faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12 kuwa kubik ƙafa ɗaya. Idan da injin hannu za a tsaga, abin da ke fita bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran dusa ce da ɓawo. Bishiyar da ya auna falanki 8 ko 9 za ta bayar, ba 25 ba. A tambayo farashin falanki a kasuwar katako mafi kusa, a cire kuɗin mai inji, fetur, dako, mota da takardar izini. Ragowar ita za ku yi ciniki a kai. A kuma ƙwanƙwasa gindi da bayan gatari. In ta yi amon ganga, gara ko wuta ta cinye cikinta.

Malamin Daji: Ni ban ga dalilin share hekta 6 a shekara ɗaya ba, ranka ya daɗe. A shafa fenti a waɗanda suka isa yanka, a rubuta adadinsu a takardar ciniki, a bar sirara su yi kauri. Malaina tana tohowa daga kututture: a sare ƙasa-ƙasa a karkace don kada ruwa ya kwanta, bayan shekara a bar toho biyu masu ƙarfi. A yi aikin da rani, don da damina mota kan lalata ƙasa. Kafin ciyawa ta bushe a share hanyar wuta mai faɗin mita 5 kewaye da dajin.

Maɗacin a yi cinikinsa daban, bishiya-bishiya, ya fi malaina daraja nesa. Ɗorawa kuwa a cire ta daga ciniki, kalwarta kuɗi ce duk shekara. Izinin sara daga ofishin gandun daji na jiha ake karɓa ko da fili naka ne, a rubuta wanda zai biya shi tun kafin inji ya shiga.