Abin da aka tattauna kan ƙanjamau a aikin ɗan sanda

A wani zama da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya suka yi a Sakkwato, maganar sirri ce ta fi cin lokaci. Kowa ya san bariki: magana ta fita daga ɗakin gwaji da safe, kafin azahar ta kai wurin mai shayi. Don haka aka ce sakamakon gwaji ya tsaya tsakanin likita da mai shi, ko DPO ba shi da hurumin tambaya. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ma ta haramta korar ma'aikaci saboda yana ɗauke da ita.

Shawarar da na ga ta fi amfani ita ce ta sauyin wurin aiki. Mai ɗauke da cutar da aka tura Illela ko Sabon Birni ya tafi da maganin 'yan watanni da takardar asibiti, kada shan magani ya yanke.

Sai masu ɗaukar waɗanda suka yi haɗarin mota: a ajiye safar hannu a motar sintiri. In jinin wanda aka ɗauka ya taɓa rauni a jikin ɗan sanda, a nemi maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, a sha kwana 28.